Man Shanu a Kan Piyano

"Baban Fa'iza, don girman Allah ka rage wannan abu! Yanzu fa na samu yarinyar nan ta yi barci!"

Hanifa ce ke magana daga kan gado, jaririya a cinyarta. Nasiru ya juyo yana murmushi, ya cire tocilar da yake riƙe da ita a baki, don gilashin piyanon ya dusashe har sai an haska ake ganin rubutunsa.

"Saura kiɗan ƙarshe, madam. Gobe za a sa shi a rediyo."

"Jiya ma haka ka ce!"

Kai, wannan piyano ya ishi Hanifa! Tsohon abu ne na lantarki da Nasiru ya sayo a Damagaram, wai ya girme ta. Ganga, sarewa, goge, duk suna cikin cikinsa. Da shi yake haɗa kiɗan sanarwa a gidan rediyon Dungas inda yake aiki. Wurin sa disket ɗinsa, wato faifan ajiye kiɗa, ya mutu tuntuni, don haka duk kiɗan da ya haɗa tun yana saurayi a ƙwaƙwalwar piyanon kaɗai yake. Zanen gadon aurensu ma ya ɗauke ya mai da shi mayafin piyano. Sai dai tana son mijinta, gaskiya, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Damuwar ita ce mahaifiyarta. Inna Zuwaira ta zo daga Kwaya yi mata wankan jego, saboda an ce a asibiti kada mai jego ta hau hanya tukuna. Ranar da ta fara jin ganga na tashi daga ɗakin surukinta, sai da ta saki muciya.

"La'ilaha illallahu! An ce mana ma'aikacin rediyo ne, ashe makaɗi aka ba mu! Mu a gidanmu ba a taɓa haɗa jini da maroƙa ba!"

"Inna, ba roƙo yake yi ba, aikinsa ne..."

"Rufe min baki! Na aika wa Bappanki Tamu, ranar kasuwa zai zo ya tafi da ke gida. Dawowa kuwa, sai mun gani."

Hanifa ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta san Bappa Tamu, ƙanin marigayi babanta: in ya ɗauki mace daga gidan miji, biko goma ba ya mai da ita. Ta roƙi Nasiru ya kai piyanon gidan rediyo, ya ce rufin can yana yoyo. Ta roƙi Inna ta janye, ta ce ta riga ta yi magana. Ita kuma ga ta a tsakiya, ga ruwan zafi safe da yamma, ga jaririya mai kuka. Wallahi ji take kamar ta bar musu gidan su biyu.

Shi kuwa Nasiru bai canza ba. Kullum da safe shi ke ɗebo ruwan wanka, ya faskara itace, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ta amsa ciki-ciki, ba ta ko dubansa. Da tari ya kama ta, ya hau moto, babur ɗinsa, har Magarya ya sayo mata magani. Inna ta sha maganin ba ta ko gode masa ba, amma daga ranar ta daina tsaki in ya wuce.

Ana gobe kasuwa, Hanifa ta farka daga barcin hantsi ta ji Inna na ƙwala mata kira daga tsakar gida.

"Fito ki ga aiki! Ku 'yan zamani ba ku san darajar kaya ba."

Hanifa ta fito, ta tsaya cak. Ga piyano nan a kan tabarma, cikin rana tsaka, kusa da ƙoren nonon Inna. An wanke shi da ruwa da soso, ciki da bai, har ruwa na ɗiga ta tsakanin haƙoransa da ake dannawa. Sannan an bi shi lungu-lungu da man shanu yana ta ƙyalli, yadda Inna ke yi wa ƙwaryar da ta fi so don kada ta tsage.

"Inna! Me kika yi?!"

"Me na yi kuwa? Na ga bayansa duk ya bushe yana tsagewa. Yaron nan ya yi min hidima, na ce bari ni ma in gyara masa abin sana'arsa. Ko banza dai da shi yake ciyar da ke."

Hanifa ta dafe kai, ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya. Kafin ta buɗe baki sai ga ƙarar moto a ƙofar gida. Nasiru ne ya dawo. In Nasiru ya furta kalma ɗaya marar daɗi ga Inna, auren Hanifa ya ƙare gobe.

Ya shigo da sallama, ya ga piyano, ya katse sallamar. Ya tsuguna ya karkata shi, ruwa ya zubo masa a ƙafa. Ya daɗe a tsugune, sannan ya juyo wajen Inna, kansa a ƙasa.

"Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri."

Ya ɗauki abinsa ya shige ɗaki.

"Kin gani?" in ji Inna, tana washe baki. "Ya ji daɗi."

Nan haƙurin Hanifa ya ƙare.

"Daɗin me, Inna? Kin kashe shi! Abin lantarki ne, ba ya shan ruwa! Duk kiɗan da ya tara tun kafin ya san ni yana ciki, ya tafi, ba inda za a samo shi!"

Inna ta lallaɓa ta leƙa ta labule, ta ga surukinta zaune yana goge mai da tsumma, hawaye na bin fuskarsa. Ta dawo ta zauna daɓas a kan turmi.

"Kuma ya ce min Allah ya saka da alheri?"

Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Washegari Bappa Tamu ya iso da taksin daji, motar hayar ƙauye, yana kaɗa sanda.

"Ina yarinyar? Ta fito da kayanta, direba na jira."

Hanifa ta rungume Fa'iza tana kuka. Sai Inna ta miƙe ta tare ƙofar ɗaki.

"Ba inda za ta, Tamu."

"A'a! Ba ke kika aiko a ce makaɗi ne ba?"

"Ni na aiko, kuma makaɗin ne. Na lalata masa abin da ya fi so a duniya, ya durƙusa ya yi min godiya. Kai da na ɓarar maka da fura bara, sai da unguwa ta ji. In kana da wanda ya fi shi a Kwaya, kawo min shi in gani."

Bappa Tamu ya yi ta faɗa, wai an sa shi ya bar kasuwa a banza, ya ci tuwo ya koma shi kaɗai.

Piyano dai bayan ya bushe ya farfaɗo rabi. Tsofaffin kaɗe-kaɗen sun tafi har abada, haƙoran hagu sun mutu, kuma kullum sai an kakkaɓe masa tururuwa saboda mai. Nasiru ya fara haɗa sababbi da hannu ɗaya, Hanifa kuwa ta ci gaba da cewa ya rage ƙara.

'Yan uwa, a duba niyyar mutum kafin a duba ɓarnarsa, musamman iyaye. Da Nasiru ya saki bakinsa a ranar, da ya yi asarar kiɗa ya haɗa da mata. Ya danne zuciyarsa, ya rasa kiɗan, Allah ya bar masa Hanifa da 'yarsa a ɗakinsa.