Turkuɗin Lami

Mikail bai yi sallama ba. Ƙafa ya sa wa ƙyauren zauren, ya faɗa gidan da bindiga a hannu, Isyaku na biye da shi da buhuna a kafaɗa. Dukansu sun naɗe fuska da hirami, ido kawai ake gani.

"Iya, ajiye faifan nan. Kika yi ko tari, kin gama yawo."

Tsohuwa Kande, matar mai gidan, ta saki faifan, shinkafa ta watse a tsakar gida. Daga nesa ana jiyo liman yana huɗuba. Juma'a ce, rana tsaka, unguwar Koki ta yi fayau, maza duk sun tafi masallaci. Dabarar Isyaku ce wannan. Shi ya ce a zo da rana. Shi ya ce kowa ya sa farin kaftani, don in sun fito su saje da masu dawowa daga salla. A unguwar aka haife shi, babu lungun da bai taka ba.

Abu ɗaya ne bai sani ba. Mai gidan bai je masallaci ba.

Suna shiga ɗakin kayan suka tarar da Malam Gwadabe zaune a kan buzu, ya miƙe ƙafarsa da ta kumbura. Ƙofar ɗakin gajera ce. Mikail ya ƙwala goshi da ita, ya yi ashar. Isyaku kuwa ya sunkuya ya wuce, ko duba ta bai yi ba. Tsohon ya bi shi da kallo.

Malam Gwadabe tsohon malamin makaranta ne. Tun yana saurayi yake tara kayan hannu, har ɗakin ya cika. Ga ƙorai masu zane a rataye, ga akusan itace da suka yi baƙi don tsufa, ga tasoshin tagulla, burgamen fata, alluna masu zayyana, rigunan saƙi, har da garmaho mai ƙaho. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Kullum da safe sai ya bi su da tsumma, yana gaya wa duk wanda ya shigo sunan mai aikin da garinsu.

"Kwashe," in ji Mikail. "Onarabul ya ce komai yake so. Gobe soja za su sauka, jibi zai yi walima a sabon gidansa. So yake baƙi su ga kayan kakanni a falo."

Ya yi dariya cikin hirami.

"Nasa kakan ko ludayi bai bar masa ba."

Isyaku ya fara zuba kaya a buhu. Wata ƙwarya ta suɓuce ta dare biyu.

"Bi su a hankali, ɗana," in ji Malam. "Sun girme ka."

Ba don kason da za a ba shi Isyaku ya kawo aikin nan ba. Idonsa na kan wata adaka a kusurwa. Mahaifiyarsa Lami tana da turkuɗi guda, zanen aurenta, baƙi mai sheƙi, wanda ta bi bakinsa da jan zare da hannunta. Shi kaɗai ya rage mata bayan Isyaku ya ɗauke tasoshinta ɗaya bayan ɗaya ya kai kasuwa. Ta rasu yana gidan yari. Da ya fito ya nemi zanen, maƙwabta suka ce yana wurin Malam Gwadabe. Ya ɗauka yunwa ce ta sa ta sayar. Sau da yawa ya zo har bakin zauren, kunya ta mayar da shi, don Malam ne ya koya masa karatu.

Amma Mikail yana da doka, kuma kowa a ƙungiyar ya san ta. Ba mai taɓa ko allura sai shi ya raba. Wanda ya ɓoye wani abu, ba ya kwana.

A tsakar gida Kande ta rarumi wata tasa ta rungume, tana cewa ta aurenta ce. Mikail ya fita da sauri. Aka ji ƙarar gindin bindiga, aka ji tsohuwar ta yi nishi.

Isyaku ya ɓalle adakar. Zanen yana nan, a naɗe cikin takarda. Ya warware, ƙamshin shuni ya daki hancinsa, ƙamshin ɗakin uwarsa. Ya ɗage kaftani, ya naɗa zanen a cikinsa, ya ɗaure tam.

"Yana zuba," in ji Malam, murya ƙasa ƙasa. "Kada ka sa shi a jiki da wannan zafin."

"Rufe mini baki, tsoho."

"Isyaku, tsaya ka ji. Zanen nan..."

Inuwar Mikail ta tare ƙofa. Malam ya dubi bindigar, ya dubi cikin Isyaku, ya haɗiye sauran maganar.

"Me yake cewa?"

"Roƙo yake, oga."

"To ya roƙi Allah. Mu ware."

Mota ba ta shiga lungunan Koki. A kura suka loda buhunan, suka rufe da tabarma, suka cire hirami. Isyaku ne ke turawa, Mikail na tafe a gefe da carbi kamar mai kaya. Rana ta take, iska ko kaɗan babu. Ƙafar kurar na kuka, tagulla na kaɗa juna a buhu. Aka sallame salla, mutane suka fara ɓullowa da dardumominsu. Wani dattijo ma ya taya su ɗaga kurar a bakin kwata.

"Sannunku da aiki."

"Yauwa, Baba, an sauko lafiya?" in ji Mikail.

Gumi ya jiƙe Isyaku sharkaf. Yana jin zanen ya manne masa a ciki, yana ƙaiƙayi. Bai duba ba.

A bakin titi Haruna direba na jiransu a cikin a-kori-kura, inji a kunne. Suka watsa kayan a baya, suka cusa a gaba su uku, Isyaku a tsakiya.

"Taka ta, Haruna. Ƙofar Dawanau."

A can gidan kuwa, Kande ta rarrafa har zaure da karyayyen hannu, ta ƙwala ihu. Wani maƙwabci mai wayar tarho ya buga wa 'yan sanda. Sajan Musa ya ɗauka. Ofishin ba kowa sai shi da kurata biyu, sauran duk an kwashe su gwajin faretin gobe.

"Su nawa ne?"

"Biyu suka shiga, wataƙila akwai na uku."

"Me suka saka?"

"Fararen kaya."

Sajan ya leƙa ta taga. Titi ya cika maƙil da fararen kaya.

"Malam, yau Juma'a. Ka ce in kama Kano gaba ɗaya ke nan."

Duk da haka ya ɗauki hularsa. Soja sun kwashe shingayensu na Ƙofar Dawanau tun farkon mako, duk mai son barin gari da kaya zai nemi hanyar da ba a tsayar da shi. Ya ce a nufi Ƙofar Dawanau, in man da ke motar ya kai su.

A-kori-kura na kutsawa cikin cunkoso. Hotunan 'yan takara sun rufe bango, an fara kafa tutoci. Haruna na fito, yana dukan sitiyari.

"Daga gobe sai farar hula, mazaje. Harka ta buɗe."

Ya juyo zai daki kafaɗar Isyaku, sai fiton ya tsaya.

"Kai, me ya same ka a ciki?"

Isyaku ya sunkuya. Farin kaftaninsa ya rine daga ƙirji zuwa cibiya, shuɗi mai duhu, yana ƙara yaɗuwa. Ya kai hannu zai rufe. Tafin hannun ma shuɗi ne.

Mikail bai ɗaga murya ba.

"Ashe jininka shuɗi ne, ɗan Koki."

"Oga, biro ne ya fashe mini a aljihu."

"Biro. Yaushe ka fara rubutu? Ɗaga rigar."

"Wallahi ba abin kuɗi ba ne."

"Ɗaga."

Ya ɗaga. Turkuɗin ya jiƙe, sheƙinsa ya dusashe, jan zaren na bakinsa ya fito fili.

"Na babata ne, oga. Ka riƙe kasona duka, ban so. Wannan kawai."

"Kowa na da uwa," in ji Mikail. "Yau zane, gobe zinari. Kwance shi."

Isyaku ya dafe cikinsa da hannu biyu. Sun riga sun wuce ƙofar, hanya ta fara sakin jiki.

"Ba zan kwance ba."

"Oga, bari mu isa tukuna," in ji Haruna. "Akwai mutane."

Mikail ya cafki bakin zanen ya fizga. Isyaku ya riƙe wuyan hannunsa. Motar ta yi tangal-tangal, Haruna na zagi, wani mai keke ya faɗa kwata. Gwiwa, kai, haƙori. Sai ƙara.

Tau!

Mikail ya buɗe ƙofa, ya janyo Isyaku ta kan cinyarsa, ya tura shi waje da ƙafa. Zanen bai kwance ba. Motar ta ƙara wuta.

Ƙarar ce ta jawo Sajan Musa, wanda motarsa ke tsaye a inuwar ganuwa. Ya tarar mutane sun yi da'ira, ba mai matsawa. A tsakiya ga mutum kwance, rigarsa rabi shuɗi rabi ja.

Sajan ya durƙusa.

"Kai ne na gidan Koki?"

Isyaku ya gyaɗa kai.

"Ina suka nufa?"

Ƙudaje sun fara sauka. Isyaku ya tuna ƙwaryar da ta dare, ya tuna nishin Kande. Sai ya faɗi unguwar, ya faɗi launin ƙofar gidan Onarabul, ya faɗi sunayen mutum biyun.

"Kada a cire mini wannan," ya ce, yana riƙe da zanen.

A ƙofar sabon gidan Onarabul aka cim musu, suna sauke buhuna. Haruna ya ga motar 'yan sanda, ya ja motarsa ya bar Mikail tsaye da buhu a ka. Bai yi nisa ba, ya daki turken lantarki, ko shurawa bai yi ba. Mikail ya harba sau ɗaya, bindigar ta cije. Kurata suka danne shi a kan tasoshin da suka warwatse. Mai gidan ya leƙo daga bene, ya rantse bai taɓa ganinsu ba, ya kuma yaba wa 'yan sanda.

Washegari da hantsi aka kawo Malam Gwadabe asibiti a bayan babur, yana dogara sanda. Rediyon masu jinya na ta kawo bikin rantsuwa, ana buga badujala. Isyaku na kwance, an ɗaure ƙafarsa da sarƙa a jikin gado. Likita ya riga ya gaya wa Sajan kada ya sa rai.

Sajan ya ba Malam kujera.

"Malam, mun samo kayanka, sai dai ka yi haƙuri. Ƙoran kusan duk sun farfashe a hatsarin. Garmahon ya lotse. Tagullar ce ta tsira."

"Kande ma ta tsira, an ɗora hannun. Alhamdu lillahi."

"Saura wannan. Sai da aka yi masa allurar barci aka iya kwance shi. Ka duba, in naka ne mu haɗa da sauran."

Ya miƙa masa turkuɗin. Harsashi ya huda shi ninki-ninki. Malam ya shimfiɗa shi a cinya, ya bi jan zaren da yatsa.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Ba daga adakarka ya fito ba?"

"Daga nan ya fito. Ajiya ce." Ya juya wajen gadon. "Isyaku, kana jina?"

Idanun suka buɗe da ƙyar.

"Lami ba ta sayar mini ba. Ana saura kwanaki ta rasu ta aiko aka kira ni. Ta ce in riƙe maka, kada a ba ka a hanya, kada a aika maka. Ta ce ranar da ka yi sallama ka shigo da ƙafarka ka tambaya, ranar ka yi hankali, in miƙa maka. Na sha hango ka a bakin zaure. Nakan ce wa Kande ta ɗora shayi, yau zai shigo."

Leɓen Isyaku ya motsa. Malam ya matso da kunnensa.

"Ƙofar... a buɗe take?"

"Ba a taɓa sa mata sakata da rana ba, ɗana. Turawa kawai ake yi."

Ya ɗora masa zanen a ƙirji, ya kama hannun nan mai shuni ya aza a kai. Yatsun suka lalubi jan zaren suka riƙe. Malam ya fara karanta masa kalmar shahada a hankali, yadda yake maimaita wa 'yan aji ɗaya karatu, har ya ji ya karɓa. Kafin azahar ya cika.

Sajan Musa ya daɗe yana kallon zanen.

"Tunda ba kayan sata ba ne," ya ce, "ba ruwan hukuma da shi."

Jana'izar ba ta tara mutane ba. Gari na can wajen biki, waɗanda suka rage a unguwa kuma da yawa sun ce ba za su bi gawar ɗan fashi ba. Malam Gwadabe ya bi gida gida da sandarsa har ya sami masu ɗauka. Shi ya ce a lulluɓe makarar da turkuɗin. Ƙafarsa ba ta kai shi maƙabarta ba, sai ya zauna a zaure yana jira, ƙyauren da aka ɓalle na jingine da bango.

Da la'asar suka dawo, suka tsuguna a bakin kwata suna wanke hannu. Suka cuɗa da sabulu, suka cuɗa da toka. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago tafinsa ya nuna wa tsohon.

"Malam, abin nan ya ƙi fita."

"Bar shi," in ji Malam Gwadabe. "Zai kwana biyu."