Katin Da Ba A Buga Ba

Ranar da ya fara shigowa shagon ɗab'in Baba, faɗa suka yi. Ya miƙa wa Auta, 'yar mai shagon, filas, ta soka a kwamfuta, fayil ya ƙi buɗuwa. Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa: dogo ne, da gilashi a karan hanci, da wata jaka da ta ga jiya ta ga yau.

"Malam, da me ka yi wannan zanen?"

Ya ce da manhajar kyauta, irin wadda kowa zai iya leƙa cikinta ya ga abin da take yi. Auta ta taɓe baki, ta ce su nan da ta manya suke aiki, mai tsada. Ya dubi allon ya yi murmushi, ya ce ƙwarai mai tsada ce, amma tasu ta sata ce, fasasshiya, kuma wanda ya fasa ta ya san hanyar da zai riƙa shigowa.

Auta ba ta ɗaukar raini. Nan take ta laƙaba masa Malam Kyauta, sunan kuwa ya bi shi. Shi ma bai yi zuciya ba, ya riƙa dawowa da ayyukan da ko makaho ya san ba bugu ya kawo su ba. Tun tana harararsa har ta fara duba ƙofa idan ya makara.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Autata, na gwada duk kalolin da ke kwamfutata, ban samu na murmushinki ba."

Ta mayar masa: "Ai ba a samun sa kyauta, Malam. Ka zo ka ga Baba."

Baba kuwa ko sunansa ba ya son ji. Shi a ganinsa mutumin da ke aiki da kayan kyauta ba zai iya riƙe gida ba. Zuciyarsa tana kan Injiniya, ɗan amininsa, wanda ke saka musu manhajoji a shago har aka ba shi makulli, wanda kuma ya daɗe yana kewaye Auta da turare da makullin mota. Baba bai taɓa cewa dole ba, ita kuma ta yi rantsuwa ba za ta yi aure ba sai da yardarsa.

Sai ta yi wautar da mai zane kaɗai ke yi. Wata rana kasuwa ta yi sanyi, hannunta na ƙaiƙayi, ta zauna ta tsara katin biki da sunanta da na Malam Kyauta, har da ranar da ta ƙirƙiro. Ta gama kallon abinta, ta ɓoye shi can cikin kwamfutar shago, ba ta nuna wa kowa ba.

Ba a jima ba katin ya iso wayar Baba daga wata baƙuwar lamba. Ya kira ta falo, ya ajiye wayar a gabanta. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi yi mata ciwo.

"Har kun sa rana, ni ina nan kamar hoto? To muddin ina raye, yaron nan ba zai shigo gidana ba."

Umma ta yi ta ba shi haƙuri, ko kallonta bai yi ba. Auta ta shige ɗaki tana huci. Ta tuna Malam Kyauta ya taɓa zama a kan kwamfutar nan yana gyara wani fayil, sai ta rubuta masa: "Ka tura wa Baba katin don ka matsa masa ko? Ka ci amanata."

Amsa ta zo: "Wallahi ban san da wani kati ba, Autata, amma na ji daɗin jin akwai shi. Ki yi fushi da ni yadda kike so. In kin huce, ki tambayi kanki wa ya saka manhajar da kika zana shi da ita."

Ta karanta ta sake karantawa, kunya ta rufe ta, sannan ranta ya ɓaci. Ashe a shagon ubanta Injiniya ke leƙenta ta manhajar nan kamar ɗaki marar labule.

Ba ta yi kuka ba. Washegari ta rufe ƙofar shago, ta jawo wa Baba kujera kusa da tata. Yana kallo ta tsara sabon kati, wannan karon da sunan Injiniya a wurin ango, ta adana shi, ta kashe kwamfutar.

"Baba, daga ni sai kai muka ga wannan. In bai fita ba, na haƙura da Malam Kyauta, ba za ka sake jin sunansa a bakina ba. In kuwa ya fita, ka saurare ni."

Baba ya gyaɗa kai. Auta ta koma cinikin ranar, tana sane da cewa ta ɗora rayuwarta a kan zato.

Ko rana ba ta faɗi ba sai ga Injiniya cikin sababbin kaya, ƙamshi ya riga shi shigowa, baki har kunne. Ya durƙusa gaban Baba yana zuba godiya, wai bai san Auta ta sauko ba, kuma kalar katin ta yi masa.

"Wane kati?" in ji Baba.

Sai a nan Injiniya ya gane ya tona kansa. Baba ya miƙa hannu ya karɓi makullin shagon da ke wurinsa, ya nuna masa ƙofa.

Da suka rage su biyu, Auta ta ce wa Baba gaskiya ita ta zana katin farko, kuma abin da ke zuciyarta ta zana, ba za ta janye ko harafi ɗaya ba. Baba ya ce ta faɗa wa yaron ya turo manyansa.

Ta rubuta masa: "Ka yafe mini, masoyina. Baba na son ganin manyanka."

"Na yafe tun kafin ki aiko. Yanzu dai ki nema mini takalmin kirki."

Ranar ɗaurin aure, da za a tafi da ita, Baba ya riƙe hannunta a bakin ƙofa.

"Ni na ba baƙo makulli, ke kuma na zarga. Ki yafe mini, Auta. Na yarda da ke, na yarda da wanda kika zaɓa. Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Auta da ba ta zubar da hawaye ba duk tsawon rigimar, sai a nan ta kasa cewa amin. Mijinta ne ya amsa musu su biyu.