Fetur a Cikin Suri

A zamanin Turawa, shekarun da gyaɗa ke tashe, Alhaji Hammawa na Karaye ya sayo sabuwar babbar mota daga Kano, shuɗiya, tana walƙiya. Sulle, tsohon direbansa, har ya wanke hannu zai karɓi makulli, sai Alhaji ya miƙa wa Lukumanu.

Lukumanun nan, Sulle ne ya koya masa riƙe sitiyari. Yau ga shi 'yan kasuwa na yi masa kirari, shi kuwa Sulle an bar shi da tsohuwar akwala, wadda ma a ranar tana kan duwatsu, ba ƙafafun baya. Ya yi wa yaron barka, haƙora a waje, amma hassada na cin sa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ladabin Lukumanu. Da zai yi girman kai ma, da mutum ya sami abin kamawa.

Wata Laraba aka ce Lukumanu zai tafi Rogo ɗauko gyaɗa da yamma. Tun safe ya cika tanki, ya tsoma kara ya auna, don da kara ake duba mai a motocin. Da aka tafi sallar azahar, Sulle ya zagaya wurin tankin sabuwar motar da tiyo da garwa. Ya kafa baki ya zuƙa, ya yi ta jida, ya bar ɗan abin da zai kai yaron tsakiyar daji ya kunyata shi. Inda zai ɓoye man ne ya rasa. Bayan shagon gyaɗa akwai wani tsohon suri, ja, ya fi mutum tsayi. Ya tuttule shi duka a ramin surin, ko bisimilla bai yi ba, don mai irin wannan aiki ba ya son tuna Allah.

Bayan la'asar wani mai keke ya iso daga Tudun Kaya yana haki. Jamilatu, 'yar autar Sulle da ke aure can, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun jiya. An ce in ba a kai ta wurin ungozomar asibitin Karaye ba, sai dai wani ikon Allah.

Kafin kowa ya yi magana, Lukumanu ya saka makulli a tafin Sulle.

"Maigida, ɗauki sabuwar, gyaɗa ta jira. Na cika ta taf da safe."

Alhaji na tsaye, makullin ɗakin ajiye mai na aljihunsa. Kalma ɗaya ta isa a buɗe. Amma wanda ya ce tanki ba mai, sai an tambaye shi yadda aka yi ya sani. Sulle ya lissafa zuwa da dawowa a ransa, ya ce ƙila ya kai. Ya ɗauki matarsa Baraka, ya ja mota.

Sun ɗauko Jamilatu rana ta yi ja. Aka shimfiɗa mata tabarma a bayan mota, uwarta na riƙe da kanta. Sulle na tuƙi yana lallaɓa totur, duk gangara sai ya saki giya. Kunnensa na kan inji.

A wani kwari mai duhuwar dorawa injin ya yi tari. Ya sake yi. Ya mutu.

Almuru ne, lokacin da uwaye ke kora yara cikin gida. Ba tsuntsu, ba gyare. Sai ƙarfen inji na ƙas, ƙas, yana hucewa, sai nishin Jamilatu.

"Malam, lafiya?" in ji Baraka daga baya.

"Lafiya lau. Yanzu."

Ya sauka ya tsoma kara a tanki. Ya fito a bushe.

Amma warin fetur ya cika kwarin. Ba daga motar yake fitowa ba. Daga cikin ciyawa yake tahowa, yana ƙaruwa, har idonsa ya fara ruwa.

Sai ya ji tari. Tarin ƙananan yara, da yawa, ƙasa ƙasa.

Wata gajeriyar tsohuwa ta fito kan hanya. Jikinta duk jar ƙasa, zanenta sharkaf yana ɗiga. Ƙwarya a ka, a hannu kuma kasko cike da garwashi.

"Sannu da hanya, mai tiyo."

Sulle ya ja da baya.

"A ɗakina ka zuba," ta ce a hankali. "Ko sallama babu. Tun azahar 'ya'yana ba su sa komai a baki ba, don ba damar hura wuta. Kana jin su?"

Tarin ya matso. Ciyawa na motsi dab da ƙafarsa, ba ya ganin kowa.

"Iya, ki yi mini rai. 'Yata ce a baya."

"Na ji ta. Ni ma uwa ce, shi ya sa na biyo ka da kayanka." Ta sauke ƙwaryar a gabansa. "Yadda ka ɗauka, haka za ka mayar."

Ya miƙa hannu zai ɗaga ƙwaryar. Ta karkata kaskon, garwashi ɗaya ya gangaro baki.

"Da baki."

Ya durƙusa. Ya kurɓa, ya miƙe, ya tofa a tanki. Leɓensa ya kama zafi. Ya sake durƙusawa. Ƙaramar ƙwarya ce, amma ba ta raguwa.

Kaskon na bisa ƙeyarsa. Yana jin zafinsa.

"Yaron mai motar," ta raɗa masa, "me ya ci maka?"

Bakinsa cike yake. Ya miƙe ya tofa a tanki.

Jamilatu ta yi wata ƙara, ta yi shiru.

Ya ƙara sauri. Kurɓa, tofa. Kurɓa, tofa.

Sai leɓensa ya taɓa gindin ƙwarya. Ya cika baki da na ƙarshe, ya juya wajen tanki. Wani hannu mai sanyi ya rufe masa baki.

"Wannan rabonka ne. Haɗiye."

Ya haɗiye.

Bai san yadda ya murɗa ƙarfen tayar da inji ba. Mota ta ɗauka. Ya faɗa ciki ya take totur. Bayansa ya ji wani bup, haske ya dalle dorawoyin, zafi ya lashi wuyansa. Bai waiwaya ba, sai salati yake ja, wanda ya ƙi yi da azahar.

Sun shiga Karaye ana kiran isha'i. Kafin asuba Jamilatu ta sauka, ɗa namiji, ita da shi lafiya.

Baraka ta ce ita ba ta ga tsohuwa ba, ba ta ga wuta ba. Ta dai leƙo ta ga mijinta na durƙusawa yana miƙewa, ta ɗauka gyara yake. Sulle ya yi mako yana amai. Da ya warke ya zagaya bayan shago, ya tarar surin ya rushe, ba gara ko ɗaya, ba warin komai. Daga ranar bai ƙara zama kusa da murhu ba, fitila ma sai dai Baraka ta kunna.

Gari kuwa ya ɗauka, ba a maganar kowa sai Lukumanu, yaron kirki da ya bar gyaɗar ubangidansa ya ba da mota. Shi Sulle da ya durƙusa a kwari, ko sannu da ƙoƙari ba wanda ya ce masa. Wannan ma ya ci masa rai, don hali zanen dutse ne.

Ranar suna mijin Jamilatu ya raɗa wa liman sunan da ya zaɓa don godiya, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa. Nan take ɗanɗanon fetur ya taso wa Sulle daga maƙogwaro, a gaban jama'a, goro a hannunsa.

Ɗanɗanon nan bai rabu da shi ba har tsufa. Jikan ya tashi da ƙulafucin kakansa, da ya hango shi sai ya sheƙo da gudu. Sulle ya buɗe hannu ya ce, "Lukumanu, zo nan," sannan ya kau da kai ya tofar da yawu.