Ƙafarta Tana Kan Kuloci

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Talata aka kira ofishin 'yan sanda. Mota ta buge Baba Desrosiers, dattijon da ke tsallakar da yara titi a bakin makarantar firamare. Ya samu ya ture yara biyu gefe, shi kuwa ta same shi a ƙugu.

Sai ranar Alhamis fayil ɗin ya iso teburin Sufeto Rhona Kowalchuk. Ita ma tana da 'yar shekara shida a gida, saboda haka fuska a haɗe ta shiga ɗakin tambayoyi.

Mai motar, Tamsin Beaulieu, ma'aikaciyar jinya ce. In aka kama ta da laifin tuƙin ganganci, aikinta ya tafi, ga kuma gidan yari.

"Kin ce kina tsaye," in ji Sufeto.

"Ina tsaye cak, ranki ya daɗe. Giya ɗaya na sa, na danne kuloci har ƙasa, ina jira yaran su wuce."

"Sai kika ɗaga ƙafa."

"Ban ɗaga ba! Motar ce ta zabura da kanta."

"Waya fa?"

"Tana cikin jaka. Ku duba."

"An taɓa canza wani abu a motar?"

Tamsin ta dubi tebur. "A'a."

Wannan "a'a" ɗin ta tsaya wa Sufeto a rai. Ta ɗauki rigar sanyinta ta nufi garejin 'yan sanda.

Dusan, bakaniken ofis, yana tsaye kusa da jar motar Tamsin mai kujera biyu, da fanken donot a hannu.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Ki kai yarinyar nan kotu mu huta."

"Koya mini tukuna. Ni motata mai canza giya da kanta ce."

"Shi ya sa ba na gaishe ki da kyau." Ya ɗaga bonet. "Kin ga wannan ƙaramin fanfon? In kin taka kuloci, shi ke tura mai ta wannan siririn bututu, man ya raba inji da giya. Muddin robar da ke ciki tana riƙe man, mota ba ta motsi."

"In ba ta riƙe ba fa?"

"Sai man ya sulale ya koma baya. Ƙafarki na ƙasa, mota ta kama giya ta tafi. Amma wannan na kamfani ne, na gwada shi sau goma."

Sufeto ta leƙa. Ɗan kofin man birki ya yi baƙi kamar ruwan kofi da ya kwana. Na kuloci kuwa garau yake, har tana hango gindinsa.

"Me ya sa ɗaya tsoho, ɗaya sabo?"

Dusan ya daina tauna. Ya haska tocila. A kan notuna biyun da suka riƙe fanfon akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa, ko ƙura babu a kansa.

"Aikin 'yan tsere ne wannan," ya ce a hankali. "Duk notin da suka ɗaure sai sun ɗiga masa fenti, don su gane in ya kwance. Hannunsu ke yi, ko ba su sani ba."

"Ina motar ta kwana kafin ta zo nan?"

"Filin mai janwe. Kwana biyu."

Ranar Juma'a Sufeto ta sa aka kawo Tamsin garejin. Ba ta yi mata tambaya ba, ta dai buɗe mata ƙofar motar.

"Zauna ki nuna mini yadda kika yi."

Tamsin ta zauna ta taka. Ta saki, ta sake takawa, ta yamutsa fuska.

"Kai, ya yi laushi. Nawa ya fi..."

"Naki ya fi me?"

Hawaye suka zubo mata. "Tauri. A watan jiya Garth ya sa mini wani fanfon kuloci na ƙarfe, wanda yake ƙerawa da kansa. Ya ce ya fi na kamfani saurin kama giya."

"Wane Garth?"

"Pellerin. Shugaban ƙungiyarmu ta masu tseren mota. Shi ya zo da janwe ya ɗauki motar. Ya ce in na faɗa an yi canji, inshora ba za ta biya wa Baba kuɗin asibiti ba."

"Sai kika zaɓi gidan yari?"

"Ya ce babu abin da zai same ni."

"'Yar'uwa, duk wanda ya ce ki rufe baki don amfaninki, ki fara tambayar nasa amfanin."

Safiyar Asabar harabar garejin Pellerin ta cika. Al'adar 'yan ƙungiyar ce da zarar sanyi ya wuce: a jera motoci, a ɗaga bonet, a sha kofi ana musu. Sufeto ta iso da takardar izinin bincike a aljihu da ɗan sanda ɗaya a bayanta.

Garth ƙato ne mai furfura da fara'a. Ya dubi motarta ya yi dariya.

"Ranki ya daɗe, wannan akwatin kika kawo mana gasa?"

"Tana kai yara makaranta lafiya. Ka taɓa motar Tamsin?"

"Na ɗauka, na ajiye. Ko bonet ban ɗaga ba."

"Kafin nan fa?"

"Iska na taɓa sa mata a taya."

Ta miƙa masa takardar, ta wuce ciki. A zuciyarta ta riga ta ɗauka an jefa fanfon da aka cire cikin kogi. Amma Dusan ya rantse mata cewa mutanen nan ba sa yar da abin da ya lalace sai sun ga cikinsa.

Yana nan kuwa, a kan teburin aiki, ƙarƙashin tsumma. An tsaga shi biyu da zarto a tsanake. Kusa da shi ga alƙalamin fenti ruwan ɗorawa.

Ta ɗaga rabi ɗaya tana jujjuyawa. "Kyakkyawan aiki. Ƙarfen ne ya ci amana?"

"Ƙarfena?" Garth ya fizge shi. "Duba nan, sumul kamar madubi! Roba ce. Kin ga yadda ta kumbura ta yage? Na canza mai sayar mini da ita, ashe ba ta jure man tsere in ya yi zafi. Mako biyar kawai ta..."

Ya tsaya. Masu shan kofi sun taru a bakin ƙofa.

Sufeto ta juya ɗaya rabin. A gindinsa an zana T.B., haruffan farkon sunan Tamsin Beaulieu, da lamba bakwai.

"Kana sa wa kowanne sunan mai shi?"

Ya zauna a kan wata taya. "Ni na cire. Na mayar mata da tsohon nata ranar Laraba. Shekara talatin ina wannan aiki, ba a taɓa cewa kayana ya kasa ba. Na ce bari in gano matsalar tukuna, in gyara a ɓoye."

"Ita kuma ta tafi kurkuku kana gyara."

Ta nuna masa lambar da ke gindin fanfon.

"Wannan na bakwai ne. Guda nawa ka sa wa irin wannan robar?"

"Goma sha ɗaya."

Ta juya ga mutanen bakin ƙofa. "Wa ke da fanfon Garth a motarsa?"

Hannu ɗaya ya tashi, sannan wani, har shida.

"Ku ajiye makullanku a kan teburin nan. Sauran huɗun ku kira su yanzu, kada wanda ya tada mota. Yau kowa bas zai hau."

Ɗan sandan ya sa wa Garth ankwa ya ratsa da shi tsakanin motocin. Sufeto ta fita waje inda babu hayaniya, ta kira Tamsin.

"Sufeto ce. Mun samu fanfon. Ki zo Litinin ki sake ba da bayani, na gaskiya wannan karon. Tuhumar tuƙi ta faɗi."



"Zan iya zuwa in duba Baba?" Tamsin ta tambaya.

"Je ki. Ɗaki na goma sha huɗu. Ya ce abincin asibiti ya ishe shi, ki tafi masa da miya."