Kada Ka Ɗauki Wayar, Baba

"Ify, gidanku fa sau biyu aka kore ni daga cikinsa."

"Na sani, masoyina... amma ba ni da kowa sai kai."

Meshak ya jingina da bangon ofishin kwalejin garin Gidan Waya inda yake koyarwa, kan tarho a kunne. Muryar Ifeyinwa daga Kaduna rawa take yi, shi kuwa duk duniya babu abin da ke karya masa zuciya kamar wannan.

Ranar Lahadi za a yi addu'ar cikar mahaifiyarta shekara ɗaya da rasuwa. Waƙoƙin da marigayiyar ta tsara wa ƙungiyar mata ta coci, guda arba'in, suna cikin kwamfutar gida, ga shi sun ɓace. Ifeyinwa gwanar kwamfuta ce ta gaske. Tun kafin su ɓata da mahaifinta ta haɗa na'urar da layin tarho, yadda daga Kaduna za ta kira, kwamfutar ta amsa, ta shiga ta gyara.

"To ki kira mana."

"Sau tara na kira! Kafin kwamfutar ta amsa, Papa ya ɗauka. Yana jin muryata sai ya ajiye."

Wata takwas ke nan mahaifin nata, Baba Romanus, bai yi mata magana ba, tun da ta ce Meshak ɗan Kagoma take so, shi kuma ya ce sai ɗan garinsu na gabas. Ta rantse ba za ta yi aure ba sai da albarkarsa. Meshak ya san idan aka kore shi karo na uku, magana ta mutu.

"Zan je, zuciyata," ya ce.

Ƙarfe biyu na rana ya kafe babur ɗinsa a unguwar ma'aikatan Reluwe ta Kafanchan. Baba Romanus na zaune a falo, riga a goge, takalmi na sheƙi, kai ka ce yanzu jirgi zai iso. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da tashar jirgin ƙasa, ba a taɓa samun haɗari a hannunsa ba. Mutumin nan dai a tsaye yake, ko maƙiyinsa ya shaida.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Wane ya kira ka?"

"Saboda waƙoƙin Mama na zo."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Idanunsa sun yi ja, da gani ya sha kuka a ɓoye. Ya nuna teburin kwamfutar da haɓa.

Meshak ya kunna kwamfutar, ya danna abin da Ifeyinwa ta karanta masa. Tarho ya yi ƙara. Kafin ya buɗe baki, hannun tsoho ya kai.

"Kafanchan, Romanus ke magana."

Wani ƙugin na'ura ya cika masa kunne, layi ya yanke.

"Baba, don Allah idan ya sake bugawa ka bar shi."

"In bar waya yana kuka? Yaro, ka san abin da kana faɗi? A tasha, waya ya buga sau biyu, mutane sun mutu."

Aka sake bugawa, ya sake ɗauka. Ba taurin kai ba ne, hannun ne ke zuwa da kansa. Meshak ya ji tausayinsa har cikin rai, ya kuma ji girmansa ya ƙaru. Ya durƙusa a gabansa.

"Baba, mahaifina lebura ne na layin dogo, a ƙarƙashinka ya yi aiki. Ya ce min daga nan zuwa tasha ta gaba layi ɗaya ne, kuma ba ka taɓa sakin jirgi ba sai direba ya karɓi sandar ƙarfe daga hannunka."

"Haka ne. Sanda ɗaya, jirgi ɗaya."

"Wannan wayar ma layi ɗaya ce. Ify na tafe a kai. Duk sanda ka ɗauka, ka tura wani jirgin ne a gabanta."

Baba Romanus ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga, ya haɗa hannayensa biyu a baya ya riƙe gam.

"Ta shigo. Na ba ta layi."

Tarho ya buga. Ɗaya... biyu... Gumi ya tsattsafo wa tsohon, leɓensa na motsi, amma bai saki hannun ba. A na uku kwamfutar ta amsa.

Sai ga 'yar kibiyar nan ta allo ta soma tafiya ita kaɗai.

"Yesu... wane yana taɓa shi?"

"'Yarka ce, Baba. Hannunta ne daga Kaduna."

Ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi. Kibiyar na buɗe nan, tana rufe can, ba gaggawa, ba kuskure. Meshak kansa baki ya saki, yana jin son yarinyar nan na ƙara cika masa ƙirji. Ashe tsohon ne ya tura fayil ɗin cikin kwandon sharar kwamfuta garin goge ƙura. Cikin minti goma waƙoƙin suka dawo reras, sunan marigayiya a saman kowace.

Daga ƙasa rubutu ya fito, harafi bayan harafi: "Papa, ga su nan. Ka yafe min."

Baba Romanus ya zauna. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Haka uwarta yake aiki," ya ce a hankali. "Ba surutu."

Ya miƙa yatsa ɗaya kan madannai, ya nemi haruffa ya rasa, hawaye sun rufe masa ido.

"Kai, zo ka rubuta min. Ka ce ta zo gida Asabar."

Meshak ya rubuta.

"Wane ne babba a gidanku yanzu?"

"Kawuna Silvanus, Baba."

"Ka ƙara a ƙasa, ta gani da idonta. Silvanus ya zo da mutanen Kagoma maganar aure ranar Lahadi bayan sujada, ƙarfe huɗu. Ka gaya masa ba na son latti."

Kibiyar ta tsaya cak a tsakiyar allo, ta daɗe ba ta motsa ba. Meshak ya san kuka Ifeyinwa take yi, domin shi ma abin da yake yi ke nan.