Masu Ci a Kwanon Injiniya

Ni na buga fastar farko mai ɗauke da hoton ƙanena, ni kuma na tuƙa shi har ƙofar bokan da ya cinye mana gida. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba hirar bakin titi ba ce. Da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe wani.

Shi ne auta a ɗakinmu. Inna tana ce masa Auta, mutanen gari suna ce masa Injiniya, domin shekara goma sha huɗu ya yi a hukumar ruwa ta jiha. An kore shi ne saboda wata takarda. An ce an haƙa rijiyoyin burtsatse arba'in, aka kawo masa ya sa hannu a biya ɗan kwangila. Ya ɗauki mota ya zagaya wuraren, ya tarar da tumaki suna kiwo a inda aka ce famfo yake. Ya ƙi sa hannu. Kafin sati ya zagayo an miƙa masa takardar sallama.

Ku da kuka zauna ƙarƙashin gwamnatin nan kun san halin da ake ciki. Famfo ya bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. A asibiti sai ka sayo safar hannun da likita zai sa kafin a taɓa maka mara lafiya. Tsofaffin ma'aikata suna yanke jiki su faɗi a layin fansho, shi kuwa gwamna yana can yana yanka ƙyalle a gadar da aka riga aka buɗe sau biyu. Mutane sun gaji, gajiyar da ba ta buƙatar a saye ta da komai. Da Injiniya ya shiga jam'iyyar adawa yana neman takarar gwamna, masu sayar da ruwa a kura da kansu suka riƙa zuwa madaba'ata suna karɓar fastarsa suna liƙawa kyauta.

Amma kafin ka isa gaban talakawa sai ka bi ta hannun wakilan jam'iyya, su kuwa ba sa jin wani yare sai na aljihu. A zaɓen fitar da gwani suka rungume shi da safe, da yamma suka zaɓi wani attajiri. Attajirin ya karɓi nasa a wajen gwamna ya kwanta, zaɓe ya wuce kamar ba a yi ba. Daga ranar wani abu ya mutu a cikin ƙanena. Ya daina maganar ruwa, ya koma maganar kujera.

Da zaɓe na gaba ya matso, wani tsohon kwamishina da aka kora daga gwamnati ya maƙale masa. Wata rana da hantsi Injiniya ya shigo madaba'a, ya ɗaga murya sama da ƙarar inji.

"Yaya, zo ka kai ni wani wuri. Ba na son direba ya sani."

"Ina ne haka?"

"Wajen wani mai taimako ne. Kwamishina ya yi min hanya."

Na ɗauka wani mai hannu da shuni ne da ba ya son a ga fuskarsa. Muka fita bayan gari, har muka isa wani kangon asibiti da gwamnati ta fara ginawa ta watsar. Allon kwangilar yana nan a tsaye, ya yi tsatsa. Rana tana tsakiyar ka, amma da muka shiga dogon barandar sai na ji sanyi ya kama min ƙashi. Babu kukan tsuntsu, ko ƙadangare babu a bango.

A ɗaki na ƙarshe, wanda aka rubuta wa ɗakin haihuwa, muka same shi. Wani siririn mutum ne mai tsabta, da farar riga da agogo, ba irin wanda kuke zato ba. An toshe tagogin da jan ƙyalle. Daga rufi kwaɗuna ne a rataye, ɗaruruwa, kowanne a kulle, kowanne da ɗan gashi ɗaure a jikinsa. A tsakiyar ɗakin an binne wani baƙin tulu har wuya, ruwan cikinsa yana motsi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wurin yana warin tsohon jini da turare.

"Kai tsaya a bakin ƙofa," in ji shi, bai ko dube ni ba. "Kai kuma mai son kujera, cire takalmi. Ka zo da abin da na ce?"

Injiniya ya buɗe jakarsa ya fito da kwanon da yake cin abinci a ciki, wani farin kwano mai bakin shuɗi da matarsa ta keɓe masa tun aurensu.

"Me kake so?"

"Dukiyar da za ta sayi jam'iyya, ta sayi akwati, ta sayi mai ƙirga ƙuri'a."

"Za ka samu. Kafin wata uku za ka rasa inda za ka zuba. Amma na cikin tulun nan ba ya aiki da yunwa."

"Shanu nawa?"

Bokan ya yi murmushi. "Shanu na talakawa ne. Shi masu ci a kwanonka yake so."

"Su wa ke nan?"

"Ba na faɗin suna. Ba na faɗin adadi. Shi yake zaɓa."

Na ce, "Auta, tashi mu tafi. Wannan halaka ce!"

Bai juyo ba. Na ga yana lissafi a ransa, sai kuma na ji ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Yaya, ka san mutum nawa ke cin abinci a gidana kullum? 'Yan banga, 'yan maula, 'yan a-fasa-kowa-ya-rasa. Ko goma aka ɗauke a cikinsu, wallahi ba zan san an ragu ba."

Ku ji fa. Mutumin da ya rasa aikinsa don kada talaka ya sha ruwan kwata, shi ne yake miƙa 'ya'yan mutane kamar kaji. Bokan ya tsaga masa babban yatsa, wanda ake dangwala ƙuri'a da shi, ya ɗiga jinin a kwanon, ya tura kwanon cikin tulu. Bakin tulun bai kai faɗin kwanon ba, amma ya shige. Muka ji wani abu yana lasa daga ciki. Sannan ya yanki gashin ƙeyarsa, ya ɗaura a sabon kwaɗo, ya danna. Ƙarar kullewar nan har yau tana kunnena.

Ba zan wanke kaina ba. Da na ja shi da ƙarfi, da na je na faɗa wa Inna a ranar. Ban yi ba. Na ce wa kaina ai duk ƙaryar bokaye ce. Da aiki ya fara zuwa madaba'ata har na sayi sabon inji, sai na ƙara yin shiru.

Dukiya kuwa ta zo kamar an fasa madatsar ruwa. 'Yan kwangilar da suka ɓata da gwamna suka riƙa layi a ƙofarsa, har da wanda ya ci kuɗin rijiyoyi arba'in ɗin nan. Injiniya ya tarbe shi da runguma. Ya tashi daga gidan haya ya koma wani gida mai hawa biyu, motoci suka cika harabar. Wakilan da suka yaudare shi a baya suka zaɓe shi ba hamayya. Gari ya ɗauka, kowa yana cewa wannan karon sai dai gwamna da yaron da ya tsayar su haɗa kayansu.

'Yata ta fari tana zaune a gidansa, domin ya fi kusa da makarantar koyon jinya da take zuwa. Muna ce mata Nas tun kafin ta gama. Ita ce take zuba masa abinci, in ya rage ya tura mata ya ce, "Cinye, 'yar Baffa." Wata safiya suna karyawa, ta ɗaga kofi za ta kai baki, sai ta ce, "Baffa, wa ke lasar min hannu?" Ta kife a kan tebur. Kafin a kai ta mota rai ya yi halinsa. Likitoci suka duba, suka ce ba su ga komai ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta na ja shi bayan gida, na ci kwalarsa.

"Ka ce 'yan banga! Ka ce 'yan maula! Ga ta can na zuba mata ƙasa da hannuna!"

"Yaya, ƙaddara ce. Sake ni, mutane suna kallo."

"Mu koma ka karɓo kwanonka."

"Saura wata biyu zaɓe," in ji shi, yana gyara wuyan rigarsa. "In na hau, zan gina asibiti da sunanta."

Na tofa masa yawu a fuska. Ya goge, ya koma cikin masu gaisuwa, ana ɗaukarsa hoto.

Bayan sati uku aka tarar da babban ɗansa zaune cikin sabuwar motar da ya saya masa, a harabar gida, hannu a kan sitiyari, ido a buɗe, jiki ya sandare. Daga nan matarsa ta birkice. Ta shiga kicin ta farfasa duk wani abin da ake zuba abinci a ciki, tana ihu wai akwai harshe a cikinsu. Ta kwashe sauran 'ya'yanta biyu ta kulle su a ɗaki, ta hana su ci ta hana su sha, sai da aka ɓalle ƙofa aka ƙwace su. Ƙaramar ba ta kwana biyu ba ita ma ta bi. Aka ɗaure uwar da zane a kan gado, aka ƙara ƙarar rediyo don kada baƙin siyasa su ji kukanta daga falo.

Sai a lokacin na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta sa aka kira shi, ya zo da jiniya da 'yan rakiya.

"Auta, da gaske ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauke ka wata tara, na shayar da kai shekara biyu, ashe maye na raina. Kada ka ƙara ce min Inna. Ko gawata ban yarda ka taɓa ba."

Maganar nan ce ta karya shi. Washegari ya zo da kansa ya ce in mayar da shi kangon. Na kai shi, ba don shi ba, don yaro ɗaya da ya rage. A bakin kangon muka tarar da baƙaƙen motoci uku marasa lamba, da 'yan sandan da kowa ya san wa suke gadi. Muka jira a bayan gini har suka tafi.

"Na fasa," in ji Injiniya. "Karɓi gidan, karɓi motocin, ba ni kwanona."

"Wanda ya fita yanzu ma ya taɓa faɗin haka," in ji bokan. "Shekara takwas ke nan, ga shi har yau yana zuwa. Ka ɗauka kai kaɗai ne? Kai da gwamnan da kake son ka kayar da gwamnatinsa, tulu ɗaya kuke yi wa hidima. Ni ko wa ya ci a cikinku, ban faɗi ba."

"To ya ɗauke ni, ya bar min ɗana!"

"Kai ai ya riga ya gama da kai tun ranar farko."

Saura kwana tara zaɓe aka yi babban gangami a filin wasa. Ban taɓa ganin taro irinsa ba. Mata da goyo, tsofaffi da sanda, masu kura sun ajiye sana'arsu, duk sun zo ganin mutumin da zai cece su. Ya hau mumbari, ya karɓi makirufo. Sai ya fara kiran 'ya'yan da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ni na ba da su! Ku ma zan ba da ku, duk wanda ya ci nawa!" Ya yage rigarsa, ya durƙusa yana lasar katakon mumbarin kamar kare, dubban mutane suna kallo, wayoyi suna ɗauka.

Gwamnati ba ta ma sha wahalar satar akwati ba a wannan shekarar. Mutane suka ƙi fitowa. Jam'iyyar adawa ta watse, rabin shugabanninta suka koma inda ake rabo. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai. Jama'a sun riga sun shirya, da ya tsaya da hannunsa biyu da gaskiyarsa, ko bai ci ba da mun san muna da mutum. Ya ɗauki fatan jiha guda ya jefa a tulu.

Inna ta rasu ba ta yafe masa ba. Dangin matar suka zo suka tafi da ita. Yaron da ya rage yana hannuna, ya daina magana. Gidan mai hawa biyu ba wanda ya yarda ya saya ko ya haya, jemagu ne a ciki. Shi kuwa Injiniya yana nan a bayan tashar mota, tsirara rabi, yana tsince-tsince a bola. In na wuce ba ya gane ni, ni ma ba na tsayawa.

Kwanan baya wani ɗan takara ya shigo madaba'ata, mai ilimi, mai zafin kishin talaka. Bayan mun gama maganar aiki sai ya rage murya.

"Baba, an ce ka san wata hanya a bayan gari."

Na kashe inji. Na ce, "Na sani. Je ka gida tukuna, ka zauna ka kalli 'ya'yanka suna cin abinci, ka zaɓi wanda za ka fara binnewa. In ka zaɓa, ka nemi wani ya kai ka, ba ni ba. Fitar min daga shago."

Ku masu kwaɗayin mulki da dukiyar dare ɗaya, ku saurara da kyau. Babu bokan da yake karɓar bare. Naka yake ɗauka, wanda ka fi so, kuma sai ya bar ka da rai ka gani.