Akwatin Kan Rufin Mai Agogo

Ƙeyarsa Auta ta fara gani, ba fuskarsa ba.

Yana tsaye a kan rufin gidansu, ya ba tsakar gida baya, yana ɗaure wani farin akwati a jikin ƙarfe. Sharaɗin mahaifinta ke nan. Tsohon mai gyaran agogo ne, mai son komai ya tafi daidai. Ya ce wa saurayin, "Ka hau, amma gidana akwai mata. In ka waiwaya, kai da akwatinka ku sauko tare."

Unguwar a kwari take, sabis ɗin kamfanin waya ba ya sauka sai ya ga dama. Shi ya sa mutane suka haɗa kai suka yi nasu. Intanet na shigowa ta makarantar da ke kan tudu, daga nan kowane gida mai akwati ya karɓa ya miƙa wa na gaba, kamar yadda ake miƙa bokiti hannu da hannu ranar gobara. Ba igiya, ba komai, in dai akwati ya hangi ɗan'uwansa shi ke nan. Saurayin nan ke ɗora su, har sunansa ya ɓace aka koma kiransa Mai Tsani.

Tunda ba zai waiwaya ba, sai aka sa Auta, ƙaramar 'yar Mai Agogo, ta tsaya a ƙasa da waya tana duba ƙarfin sabis.

"Malam, juya shi dama kaɗan."

"Damata ko damarki?"

"Ai duk ɗaya ne, tunda ƙeya ka ba ni."

Ya yi dariya har ƙarfen ya girgiza. Can sai ta yi tsalle ta ce, "Tsaya! Ya cika!" Murnar da ke cikin muryar ce ta juyo masa da wuya, ba da izininsa ba. Suka haɗa ido. Ya mai da kai da sauri, amma aikin gama ya gama.

Daga ranar saƙo ya fara tafiya daga rufi zuwa rufi.

"Muryata, yau na ɗora akwati a gidan mai burodi. Babu mai ce mini dama ko hagu, sai da na karkace shi."

"Mai Ƙeya, ka kula da tsanin nan. In ka faɗo wa zan riƙa yi wa tsiya?"

Sai dai akwai wanda ya ga waiwayen. Mai Kati, mai sayar da katin waya da shagonsa ke kallon gidan, ya daɗe yana son Auta, ga shi akwatunan nan sun rage masa ciniki. Ya je ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, ni ba gulma nake ba, amma yaron nan ya leƙa maka gida. Da idona na gani."

Mai Agogo ya miƙe tsaye. Ya cire madubin da ke idonsa, ya shiga ciki ya zare wayar akwatin daga soket. Ya ce kada ya sake jin sunan yaron a gidansa. Duk gidajen da ke bayansa suka yi ɗif, ba sabis.

Amma waɗannan akwatuna suna da halin tururuwa. In ka sa musu yatsa a hanya, sai su ɗan yi dabur-dabur, su zagaya. Kafin gari ya waye sun gano rufin mai burodi, sabis ya dawo, yana ɗingishi amma yana tafiya. Auta ta jingina da katanga, wayarta ta kama na maƙwabta.

"Mai Ƙeya, hanya ta buɗe! Baba bai sani ba."

Sai ga amsarsa ta shigo.

"Muryata, kar ki ƙara turowa ta nan. Akwati zai iya zagaye gidan Baba. Ni ba zan zagaye shi ba."

"Au, haka ne? To ka auri akwatin."

Ta shiga ɗakin mahaifiyarta tana kuka, ta karanta mata saƙon da ƙarfi. "Mama, kin ji? Tsoro yake ji, ko kuma ya gaji da ni." Ba ta san tsohon na bayan labule yana neman takalminsa ba.

Shi kuwa Mai Agogo ya zauna a shago yana jiran unguwa ta zo roƙo. Ya ma shirya faɗan da zai yi. Babu wanda ya zo. Telan unguwa ya wuce yana dariya da wayarsa, ɗalibai suka wuce suka gaishe shi kawai. Mai Kati ne kaɗai ke zuwa, shi ma da maganar aure a baki. Tsohon ya riƙa kallon agogunan da aka kawo gyara aka manta da su a bango, yana jin kamar shi ma an rataye shi a cikinsu.

Wata safiya Mai Tsani ya yi sallama, ba tsani a kafaɗarsa.

"Kan akwati ka zo?"

"A'a, Baba. Unguwa ta samu hanya. Ni ne ban samu ba."

"Ka waiwaya?"

"Na waiwaya. Na saɓa maka, ka yafe mini."

"Me ka gani?"

"Wallahi ita kaɗai. Ko za a yanka ni ban san launin ƙofar ɗakinka ba."

Tsohon ya danne murmushi. Ya daɗe yana juya wani ɗan ƙaramin sukundireba a hannu, sannan ya ce, "Kowa ya bi ta bayan gidana ya wuce, har 'yar da na haifa. Kai kaɗai ka zo ta ƙofa. Je ka turo manyanka."

Da yamma fitilar akwatin ta kama. Auta ta kalle ta, ta kalli mahaifinta, ta ruga ɗaki ta tura masa saƙo.

"Har yanzu ina fushi."

"Na sani, Muryata. Ki taho da fushin gidana, akwai wurin ajiye shi."

Aka ɗaura aure, aka zo ɗaukar amarya. Da za ta fita, tsohon ya dafa kanta, ya ce, "Ranar da kuka saɓa, kada ku nemi hanya ta bayan juna. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana." Tsakar gida ta amsa da amin, Auta ta fi kowa ɗaga murya daga cikin mayafi.